Direba Ba Ya Duba Taswira

Daga madatsar ruwa,
ranar Litinin.

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da 'yan matanki biyu. Ya jikin Kawu? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke yi mini tsiya duk lokacin da zan sauka duba ma'aunin ruwa. Matakala ɗari da goma sha huɗu ce, safe da yamma, kuma har yau ba a rage ko ɗaya ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Kin san a nan waya ba ta da wani amfani sai duba lokaci. Motar da ke kawo mana kayan abinci duk sati biyu ita za ta riƙa kai miki saƙona shagonku, in kin ba mai motar amsa zai taho mini da ita.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Tun da na dawo daga hutu abu ɗaya ke cin raina, kuma a gabanki aka yi. Na shiga ɗakin Kawu na durƙusa na gaishe shi, ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Sannu da zuwa, malam. Daga wane ofishi?" Ni fa! Ɗan yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke kuwa kina shigowa da tsohuwar taswirar nan a hannu sai fuskarsa ta washe, ya ce, "Yauwa, ga Jagora ta iso." Ke da sai an zauna an baje yatsu ana lissafin kakar wane da ƙanwar kakan wane kafin a gano ta inda kika haɗa jini da shi. Na yi dariya a lokacin don kada a ce na ji haushi. To, na ji. Har yanzu ina ji.

Na san mai ciwon mantuwa ba a riƙe shi da laifi. Amma ki tuna yadda aka yi. Dogon hutu uku muka yi a gidansa, a na farko ina da sha biyu kina da goma. Lokacin yana aikin awon filaye, ba ɗa ba jika, in ba mu nan gidan shiru kamar an yi ƙaura. Shi ya sayo gem ɗin nan da ake haɗawa da talabijin, da kaset ɗaya tak: ɗan mutumin nan mai fitila da ke neman hanyar haye kogi zuwa farar hasumiya. A cikin kwalin akwai ɗan littafin bayani, da taswira mai ninki takwas wadda in an baje ta sai ta rufe teburin falo. Har yau in na shaƙi sabuwar tawada sai in ga falon nan a idona. Shi ne kuma ya kafa mana dokar da suke bi a wurin aikinsu in sun shiga daji: direba ba ya duba taswira, jagora ba ya taɓa sitiyari. Ya miƙa mini hannun gem ɗin mai doguwar igiya, ya ce ni ne Direba. Ke kuma ya miƙa miki takarda.

Wa ya yi tafiyar? Wa ya kashe kadan nan mai ido uku bayan faɗuwa arba'in? Babban yatsana har kanta ya yi. Ke kina zaune a kujera kusa da Kawu kina cewa "hagu, dama", kamar hakan wani aiki ne.

Ga roƙona. Ki aiko mini da taswirar da littafin. Ni ne na kusa da shi, a hannuna ya kamata su zauna. In na samu hutu na gaba zan nuna masa wuraren da na ci da kaina, mu ga ko zai sake tambaya ta ofishi.

Ki gaida kowa da kowa.

Yayanki,
Direba, ko da an manta.


Daga shagon ɗab'i,
ranar Alhamis.

Yaya Direba,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso. Mai motar ya miƙo mini shi ina tsaye a gaban injin yankan takarda, saura ƙiris in haɗa da shi in yanke, kuma da na karanta sai na ce da ma na yanke. Muna lafiya. Maigidan yana gaishe ka, 'yan mata ma haka. Gwiwa kuwa shekaru ne, ka daina ɗora wa matakala laifi. Kawu da sauƙi, yana cin abinci in an lallaɓa shi, mai allura tana zuwa kullum da hantsi.

Yanzu kuma lissafin jini za ka yi mini? To, ni dai ban iya faɗa maka ta inda muka haɗa jini ba. Amma na san ta inda ake juya shi a gado ba tare da ƙugunsa ya yi ciwo ba, na kuma san ba ya shan magani sai a kofin nan mai tsaga. Kai ɗan yayarsa, ka sani?

Ka ce takarda aka miƙa mini. Kai da ba ka taɓa dubanta ba! Shekara goma sha shida ina ninke takarda a shagon nan, ban taɓa riƙe irinta ba. Mai kauri ce, da santsi a fuska ɗaya, an kuma ninke ta yadda kowane ninki ya faɗa kan ruwa ko fili, ba kan rubutu ba. Wani ya zauna ya zana kowace bishiya da hannunsa. A can gefe akwai ɗan jirgin ruwa da ba ya cikin wasan sam, mai zanen ne kawai ya ga dama. Littafin kuma shafi arba'in da takwas ne, da hoton kowane dodo da abin da yake tsoro, da labarin mahaifin mai fitila wanda ba a taɓa faɗa a talabijin ba. Ka san ma yana da mahaifi? Ba ka sani ba. Kai dai danne-danne.

Yanzu ba mai kawo mana irin wannan aikin. Ko injin wanki aka saya, ɗan ƙyallen takarda ne a ciki, a ce ka haska shi da waya ka karanta bayanin a can. 'Yan matana suna wasa a waya, kibiya tana gaba tana nuna musu hanya. Ba su taɓa ɓata ba, ba su kuma taɓa sanin inda suke ba.

Kullum in na tashi aiki da la'asar sai in biya gidansa, in baje masa ita a kan cinya. Ya bi hanyoyin da yatsa, ya ce mai wannan awon ya san aikinsa. Wannan rabin awar ce kaɗai yake zama Kawun da muka sani. Don haka ba zan aiko ba. Ba gado ake rabawa ba, mutumin yana da ransa.

Tunda kuma ka tono zancen, bari in tuna maka abin da ka tsallake. Hutu uku ina roƙon ka ka ba ni hannun gem ɗin nan sau ɗaya. Sau ɗaya! Ka ce doka ce. Ranar da Kawu ya fita wajen aiki a hutun farko, na ce maka ai ba zai sani ba, sai ka taka kujera ka ɗora shi a saman kabad inda hannuna ba ya kaiwa. Haka na ƙare ina kallon ƙeyarka, ina jin Kawu yana tafa maka. In ka ci dodo, kai ka ci. In ka faɗa rami, ni ce ban faɗa da wuri ba.

Bai taɓa tambayar ka ba, don haka kada ka sa abin a ranka.

Ƙanwarka ta nesa, kamar yadda ka lissafa,
Jagora.


Daga madatsar ruwa,
ranar Litinin.

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. A gaida Kawu, in za a iya yi masa bayanin ko wane ne mai gaisuwar. Ni ina nan. An fara ruwa, ma'auni yana hawa.

"Bai taɓa tambayar ka ba." Na gode. Na karanta layin nan ya fi sau goma. Kin ajiye shi har ƙarshe yadda ake ajiye tsoka a gefen kwano, don ki ci shi a hankali. Ban ce ki yi mini ƙarya ba, amma ba sai kin lashe baki ba.

Tunda littafin yana hannunki, ki buɗe bayansa, fararen shafukan nan da aka bari don rubutu. Za ki ga lambobin da Kawu ya rubuta da fensirinsa na awo, waɗanda ake sawa a ci gaba daga inda aka tsaya jiya. Ki ƙirga su. Kowace lamba a wurin gumina ce. Ban ga inda aka rubuta "hagu, dama" ba.

Kuma tunda ke ce gwanar taswira, mai sanin mahaifin kowa, ina da tambaya. Hutu uku muna kai da kawo a bakin kogin nan. Na bi gaɓarsa taku-taku, doguwar ciyawa ta rufe ko'ina, ba a ganin komai a talabijin. Duk sanda na nufi kudu sai ki ce, "Babu komai a can, koma arewa." Har ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙone gem ɗin, ba mu haye ba. Ban taɓa ganin cikin hasumiyar nan ba. Kada ki yi dariya: shekara talatin ke nan, ga ni da furfura, amma wani lokaci ina saukowa matakala sai in tsinci kaina ina duban gaɓar ruwa ina neman mahaya. Abokin aikina ya taɓa ba ni wayarsa in yi irin wasan 'yan matanki, na gama shi cikin kwana biyu, yau ko sunan mutumin ciki ban tuna ba. Wancan kuwa da ban gama ba, shi ne ya ƙi fita daga kaina.

Direba ya yi aikinsa. Jagora ce ba ta iya karatu ba. Ita ce kuma aka tuna.

In taswirar ta fi ƙarfina, ki aiko mini da littafin kawai. Rubutunsa ne a ciki, kuma a kaina ya yi shi.

Yayanki.


Daga gida,
ranar Juma'a.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da gwiwar. Mu muna lafiya, sai dai Kawu. Cokali biyu uku yake ci ya kau da kai. Likita ya zo ranar Laraba, ya ce in akwai 'yan'uwa na nesa a sanar da su. Ga shi na sanar da kai, na kusa.

Wannan ce wasiƙa ta uku da na rubuta tun bayan saƙonka na ƙarshe. Biyun farko in sun iso ka sa su a wuta, da zafin rai na rubuta su. Sati shida shiru! Mai motar ma ya daina biyowa ta shago, na ce lallai kai ka hana shi. Da ƙafata nake kai su ofishinku na gari. In fushi kake yi, ka yi da ni, amma ka zaɓi lokaci.

Layin da ka riƙe kuma, ga abin da nake nufi: ba ya tambayar kowa. Ko matarsa, Allah Ya ji ƙanta, bai ambata ba tun bara. Lallashin ka na yi, ka ɗauka gori ne. Amma ba zan rantse cewa babu ɗan daɗi a raina sanda nake rubuta shi ba.

Yanzu ga abin da ya sa na sake ɗaukar biro. Sati biyu da suka wuce aiki ya riƙe ni a shago, na iso gidansa a makare. Ashe ya ƙi shan magani, mai allura ta dawo, ta ɗauko taswirar don ta lallashe shi. Ina bakin ƙofa ina cire takalmi na ji ya ce mata, "Yauwa, ga Jagora ta iso." Da muryar nan. Na leƙa, da murmushin nan. Na shiga hannu wofi na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Sannu baiwar Allah, wa kike nema?"

A nan na tuna cewa tun da ciwon ya yi tsanani ban taɓa shiga ɗakin nan ba tare da ita a hannuna ba. Ko ruwa zan kai masa, tana ƙarƙashin hammatata. Ashe ni ma na sani, gwadawa ce ban yarda in yi ba.

Ba ni ya tuna ba, Yaya. Takarda ya tuna. Ko mai gyaran famfo ya riƙe ta, Jagora ne. Na ɓoye maka a wasiƙa ta biyu, don kishin da kake yi da ni ya yi mini daɗi. Tun ina shekara goma nake jiran ranar da zan riƙe abin da kake so ba ka samu ba. Na samu, na ɗan ɗana, ga shi an ƙwace.

Ka zo. Zan bar taswirar da littafin a kan teburin falo, mabuɗi yana wurin mai allura, gida na uku a layin. Ka riƙe ta ka shiga, zai yi maka murmushi. Ni ba za ka gan ni ba. Na jure na ji ya kira mai allura da sunana, amma in ji ya kira ka da shi, wannan ba zan iya ba.

Ƙanwarka.


Daga madatsar ruwa,
ranar Laraba.

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Kawu lafiya, ke kuma Ya saka miki. Ni lafiya.

Ba fushi ba ne, hanya ce. Ruwa ya cinye kwalbati, mota ba ta shigo ba sai jiya, gwangwani muka yi ta ci. Wasiƙunki uku rana ɗaya suka iso, na karanta su a jere. Ban ƙona ko ɗaya ba. Ta biyun ma na adana ta musamman, don zagin da ke ciki ya yi tsari.

Na ɗauka zan ji daɗi in na ji ke ma bai san ki ba. Na ji, na kamar minti biyar. Daga nan na rasa inda zan sa kaina, na sauka na duba ma'auni alhali ba lokacinsa ba ne.

Ruwa ya kai jan layi, ba a barin ma'auni ko na yini ɗaya. Amma abokin aikina ya yarda ya riƙe mini kwana biyu. Zan biyo motar nan in ta juya, in iso ranar Asabar in Allah Ya yarda. Wannan takarda masu gyaran kwalbatin zan ba, don ta riga ni isowa. Aron sunanki zan yi, zan mayar miki da shi lafiya.

Yayanki.


Daga teburin falon Kawu,
Lahadi da azahar.

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Kawu ya sha rabin kofin shayi yau da safe, a kofin mai tsaga, kin ga na koya. Yanzu yana barci. Mota za ta tashi ƙarfe uku, don haka zan sa wannan takarda a cikin littafin, inda na san za ki gani.

Jiya na karɓi mabuɗi. Karo na farko ke nan a rayuwata da na baje taswirar nan da hannuna. Kin yi gaskiya, ɗan jirgin yana nan. Na daɗe ina kallonsa.

Ni da mai allura muka fito da shi falo, muka zaunar da shi a kujerarsa, ta tafi. Na zauna a gefensa, wurin zamanki. Ya dubi takardar, ya dube ni da gemuna da furfurata, ya ce, "Yauwa, Jagora." Na amsa. Ban san zai yi zafi haka ba, ban kuma san zai yi daɗi haka ba.

Na riƙe ta yadda kowa zai riƙe, hannu ɗaya a kowane gefe. Yana cikin bin hanya da yatsa sai ya kai hannu ya taɓa babban yatsana na hagu, can ƙasa wajen kusurwa. Ya rage murya kamar mai gudun kada wani ya ji, ya ce, "Ɗaga yatsanki haka nan. Ya isa."

Na ɗaga. Takardar a wurin ta yi duhu, ta yi laushi, santsin ya goge, daidai faɗin yatsan yarinya. A ƙarƙashin dattin kuma ga gada. 'Yar ƙarama, ta katako, a bayan gidan niƙa. A kudu. Inda kika ce mini sau ɗari babu komai.

Ya ce, "Ina ganin ki tun hutun farko. Na yi shiru ne saboda in ya haye wasan ya ƙare, in wasan ya ƙare ba ku da abin dawowa. Laifin namu ne mu biyu. Amma yaron nan ya wahala. Ya faɗi arba'in, ya tashi arba'in, ko ƙorafi babu. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Kira mini shi."

Na ce, "Kawu, ga ni."

Ya ce, "Ke na gan ki. Shi nake nufi."

Na ajiye taswirar na fita baranda. Ba zan faɗa miki abin da na yi a can ba, amma da kina kusa da na shaƙe ki. Shekara talatin! Ni ina can ina duban gaɓar ruwa kamar wani taɓaɓɓe, ashe gadar tana ƙarƙashin yatsanki.

Da na dawo na kasa haɗa ido da shi. Idona ya faɗa saman kabad, sai ga kwalin gem ɗin, ƙura ta rufe shi. Yanzu ba na buƙatar kujera. Na sauko da shi, na ciro hannun, igiyar tana reto ba a haɗa ta da komai ba. Wallahi ban shirya komai ba. So nake kawai in ji shi a tafina, kuma ba na son ya ga fuskata a yadda take. Sai na zauna a ƙasa gaban talabijin, na juya masa baya, gwiwa tana ihu.

Talabijin a kashe take, ina ganin inuwarsa a gilashin. Na ga ya gyara zama. Na ga ya sunkuyo. Sai na ji tafinsa a ƙeyata, da sanyi, ba nauyi.

Ya ce, "Direba. Ina ka shiga? Ƙeyar nan taka har ta fara sanƙo."

Hutu uku bai ga fuskata ba, ƙanwata. Ƙeyata ya sani. Ni kuma duk zuwan da na yi, fuska nake kai masa.

Ya ce, "Yi kudu. Bayan gidan niƙa." Na danna. Na yi kudu a talabijin da ba a kunna ba, ina jin maɓallan suna ƙara irin ta da. Can ya ce, "Ka haye?" Na ce na haye. Ya ce, "To me ke cikin hasumiyar?" Na ce sai Jagora ta zo ta karanta mana, ni ba na duba takarda. Ya ce, "Haka doka take."

Littafin da na roƙa, na fasa. Ki bar shi a inda yake.

Ban yafe miki ba tukuna. Ki ba ni sati biyu, zuwan mota ɗaya.

Yayanki,
Direba.


Daga gida,
ranar Talata.

Yaya Direba,

Wa alaikumus salam. Ina fata ka isa lafiya, kwalbatin bai sake cin hanya ba. Muna lafiya. Kawu yana nan yadda ka bar shi, rabin kofi safe, rabin kofi yamma.

E, na danne. Ranar da ka ɗora hannun gem ɗin a saman kabad na yi rantsuwa a raina cewa ba zan ɗaga yatsana ba sai ka ba ni sau ɗaya. Da ka ba ni ko na minti ɗaya, da ka haye tun kana ɗan sha biyu. Don haka in ka tashi yafiya, ka rage kaɗan ka yafe wa kanka. Abin da ban sani ba shi ne Kawu yana gani. Ina ta jin kaina gwanar ɓoyo, ashe mu biyu muka riƙe ka a bakin kogin nan.

Na duba maka littafin shafi-shafi. Bai faɗi abin da ke cikin hasumiyar ba. Shafin ƙarshe hoton ƙofa ne kawai, a rufe.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a falon, na yi kuka, sannan kishi ya dawo mini sabo fil. Taswira ta kowa ce, har mai gyaran famfo. Ƙeya kuwa taka ce kai kaɗai. Ko a nan ma ka ci ni.

Don haka jiya na yi abin kunya, ni da nake da 'yan mata biyu. Muka fito da shi falo, na jira mai allura ta tafi. Na kai taswirar ɗaki na rufe ta a aljihun tebur. Na ɗauki hannun gem ɗin da ka bari a kan kujera, na zauna a ƙasa gaban talabijin, na juya masa baya. Na ce in ƙeya yake so, ni ma ai ina da ita. Shekara talatin ina son in ji abin nan a hannuna, ashe ko nauyi ba shi da shi. Na danna sau ɗaya.

Sai na ji sandarsa ta zungure ni a kafaɗa. Ya ce, "Tashi daga nan, Jagora. Wurin Direba ne. Kin san doka."

Na tashi ina ƙunƙuni. Na shiga kicin na ɗora masa ruwan shayi, ina cewa a raina, ka ji, ko yanzu da gem ɗin ya mutu an hana ni. Sai da ruwan ya tafasa na kai hannu zan sauke, sannan na tsaya ina kallon hannuwana.

Yaya, babu taswira a hannuna. Tana ɗaki, a aljihun tebur.

Ka roƙi abokin aikinka ya sake riƙe maka ma'auni, kada ka jira mota ta biyu. Likita bai canja maganarsa ba. Ka zo ka zauna a wurinka, ni in zauna a nawa. Wannan karon ta sama zan riƙe ta.

Ƙanwarka,
Jagora.